Kafin Ku Yanki Sabon Yadi

'Ya'yana da jikokina, maza da mata, ku ba ni aron hankalinku kaɗan, ina da magana a kan tufafin da ke jikinku. Ba zancen tsawon riga ko faɗin mayafi zan yi ba. Wannan malamai sun yi, iyayenku ma kullum suna kan yi. Nawa zancen a kan yadin ne shi kansa: daga ina ya fito, me aka ɓata kafin ya iso hannunku, kuma ina zai kwana ranar da kuka gaji da shi. Tambayoyi ne da ba a yi wa mai shago. In kun shiga Kantin Kwari, abin da ake ji shi ne "nawa?", sai "shi ake yayi?", sai "yanko min biyar." Daga nan sai wurin tela. Da wuya ka ga wanda ya tsaya ya ce: wannan abin da zan ɗora wa fatata, da me aka yi shi?

Mu da muka kwana biyu a duniya mun riski ƙarshen wani zamani da kowa ya san amsar wannan tambaya, domin a gabansa aka yi komai. Auduga a gonar bayan gari ake shuka ta, ruwan sama kaɗai take sha. In kaka ta yi a tsince ta a kawo gida. Mata su gurje ta su fitar da angurya. Anguryar a ba shanu, a ware wadda za a mayar gona baɗi. Sai shiɓa, sai kaɗi. Duk gidan da ka shiga da hantsi za ka tarar da tsohuwa a inuwa, ga taskira a gefe, ga alli a yatsunta, mazari yana juyawa. Mai laushin hannu ta fitar da zare siriri, wata ta yi abawa. Masaƙi ya karɓa ya saƙa fari, siraran ƙyallaye masu faɗin 'yan yatsu, maɗinki ya harhaɗa su su zama riga, ko zane, ko gwado.

Wanda yake son launi sai ya nufi karofi. A nan nake so ku ɗan tsaya, domin hikimar da ke cikin marina ba ƙarama ba ce. Rami ne mai zurfi, ya fi tsayin mutum, an shafe cikinsa da laso don kada ruwa ya tsiyaye. A cika shi da ruwa, a zuba toka, a zuba busasshen baba, a ƙara katsi, a bar shi kwanaki yana ruɓa, ana motsa shi har ya nuna, kumfa ta taso. Marini ya tsoma zane ya ɗago. Da farko za ka gan shi kore-kore, iska na bugunsa sai ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonka. A sake tsomawa, a sake ɗagowa, har ya yi duhun da ake so. Rami ɗaya yakan yi watanni ana rini a cikinsa. In rinin ya mutu kuma ba a yin asarar komai: a kwashe abin da ya kwanta a ƙasan ramin, a cuccura, a shanya, a ƙona, shi ne katsin da za a tayar da sabon rini da shi, da shi kuma ake haɗa lason da ake shafe ramin da soraye. Ganye ne, da toka, da ruwa. Babu abin da ya shiga ramin nan wanda ƙasa ba ta san shi ba. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake lissafin kafuwarta tun 1498, har yau tana nan, ko da yake ramukan da suka bushe sun fi masu aiki yawa.

Kada ku ɗauka wata 'yar sana'ar ƙauye nake ba ku labari. A 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Kano, ya kuma rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar Kano suna kaiwa har Tarabulus ta arewa, har Timbuktu ta yamma. Ya ƙiyasta abin da ake fitarwa a shekara da wuri miliyan 300, a ƙalla. Turkudin Kura, wanda mabuga suke bugawa da shuni har ya yi walƙiya, shi Buzaye suke naɗawa a ka su ratsa sahara da shi. Da hannu da ruwan sama kakanninku suka suturta rabin wannan yanki.

Abin da ya fi tsaya min a rai in na tuna shi ne yadda tufa take tsufa a wancan lokaci. Rigar uba in ta sha jiki sai a rage ta a ba babban ɗa, in ta yi masa kaɗan ta gangara kan ƙane. Inda ta yage a yi maho, kuma ba abin kunya ba ne. Zanen mace yakan fara da zuwa biki, ya koma na zuwa unguwa, ya koma na zaman gida, ya koma majanyi, ya koma tsumman jariri, ya koma gammo. Guntun da ya rage a murza a yi lagwani. Wanda ya faɗa juji kuma gara da damina su cinye shi, in rani ya yi masu jakai su kwashe jujin a mangala su kai gona taki. Auduga daga gona ta fito, gona take komawa, bayan ta yi wa mutum biyar ko shida aiki.

Ba na ce muku komai na da daidai ba ne, Allah ya sani. Tufa tana da tsada ƙwarai a lokacin. Talaka yakan shekara da riga ɗaya, in ya wanke ta sai ya zauna a ɗaki ya jira ta bushe. Yara da yawa sun ci sanyin hunturu ba abin rufa. Tsohuwar da ke kaɗi takan yi watanni kafin ta tara zaren zane ɗaya, idonta da bayanta su gaya mata. Injin saƙa rahama ne, duk wanda ya ce muku ba haka ba bai ɗanɗani wancan zamani ba. Mu ma mun yi murna da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, zamanin Sardauna, wasu masaƙun suka biyo baya har Kakuri ta cika da dubban ma'aikata. Audugar Funtua da Gusau da ƙasar Zazzau ita ake gurzawa a kai musu, atamfa ta fito da hatimin ƙasarmu. Sannu a hankali rashin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da yadin waje mai arha da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya suka durƙusar da su. Waccan masaƙa ta farko ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. An yi asarar aikin yi, kowa ya san wannan. Akwai kuma asarar da ba a cika faɗa ba: tun daga lokacin muka zama masu sa abin da ba mu san asalinsa ba.

To, bari in gaya muku asalinsa. Fiye da rabin zaren da ake yi a duniya yau foliyesta ne, abin da kuke kira yadi mai roba. Auduga kuwa kimanin kashi ɗaya cikin biyar ce kawai. Shi wannan zare ba a gona ake shuka shi ba, daga man fetur ake fitar da shi, kuma jinsi ɗaya ne da robar gorar ruwan da kuke sha ku yar. Yawancin abin da ake ce wa matiriyal, da hijabai masu santsi, da rigunan ƙwallo, da leshi mai arha, da atamfar da ake ce muku ta yi sauƙi, ko dai roba ce zalla ko an gauraya. Jikinku ma yakan gaya muku. Ku tuna zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi, mutum ya sa rigar da ba ta shan gumi, iska ba ta ratsa ta, ƙuraje su feso masa a wuya. Ku 'yan mata masu shiga madafa, ku kiyaye musamman: auduga in ta kama wuta ci take yi ta zama toka, roba kuwa narkewa take ta manne a fata.

Matsalarta babba ita ce ba ta ruɓewa. Gara ba ta cin ta, damina ba ta narkar da ita. Ku duba kwatar unguwarku in ana yashe ta kafin saukar ruwa: bayan ledar ruwa, abin da ake zaƙulowa tsummokara ne, sun yi baƙi sun cuɗe da laka, amma zarensu yana nan daram. Su ne suke toshe magudana, ruwa ya rasa hanya ya faɗa gidajen mutane. In an kai su gona cikin taki, garma ta riƙa tono su shekara da shekaru. In akuya ta haɗiye, su tsaya mata a tumbi ta yi ta ramewa. Mahauta sun san abin da nake faɗa. In kuma an cinna wa bola wuta, wannan baƙin hayaƙi mai ɗaci da yake shiga ɗakunanmu da magariba, yara suna tari, har da tsohuwar rigar wani a cikinsa. Ko wanki aka yi, wasu 'yan ƙananan zaruruwa da ido ba ya gani suna kakkaɓewa su bi ruwa, su isa kogi, su shiga cikin kifi. Masana sun same su a teku, sun same su a ruwan sha.

Wani zai ce to shi ke nan, mu koma auduga kawai. Ina son auduga, kuma ita nake ba ku shawara ku fifita. Amma ita ma in aka yi mata noman haɗama takan zama masifa. A tsakiyar nahiyar Asiya, tsakanin Uzbekistan da Kazakistan, akwai wani tafki da ake kira Aral. A da shi ne na huɗu a girma a duniya, faɗinsa a lokacin kusan murabba'in kilomita 68,000. Daga shekarun 1960 gwamnatin Tarayyar Sobiyat ta karkatar da koguna biyu da ke zuba a cikinsa, Amu Darya da Sir Darya, don ban ruwan gonakin auduga a cikin hamada. Aka samu auduga, aka rasa tafki. Garin Muynak, wanda da masunta ne suka cika shi, yau tsakaninsa da ruwa ya fi kilomita 100, jiragen kamun kifi suna kwance cikin rairayi sun yi tsatsa. Iska tana kwasar gishiri da ragowar maganin feshi daga busasshen gindin tafkin tana watsa wa mutanen yankin, ciwon ƙirji ya yi musu yawa. A 2014 ɓangaren gabas na abin da ya rage ya ƙafe gaba ɗaya. Mu da muka ga yadda Tafkin Chadi ya ja baya, ko da yake dalilan nasa daban ne, mun san abin da ƙafewar ruwa take yi wa masunci da makiyayi da manomi. An ƙiyasta cewa 'yar ƙaramar riga ɗaya ta auduga, irin mai gajeren hannu da samari suke sawa, tana cin ruwa kimanin lita 2,700 daga gona zuwa kanti. Ku lissafa jarka nawa ke nan a wurin mai garuwa.

Rini ma ya canza. Tun 1897 wani kamfani a Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa da sinadari, daga nan baba ya fara rasa kasuwa a duniya. Yau marinan da ke cikin unguwanninmu a tukunya suke dafa rini, da hodar launi, da soda mai cin hannu, da wasu sinadarai masu wari. Ba na zarginsu, neman halal suke, kuma aikinsu yana da kyau. Amma in an gama, ina ruwan yake zuwa? Kwata. Ja yau, kore gobe, ya bi ta ƙofar gidaje inda yara suke wasa, ya nutse kusa da rijiyoyi. Haka ruwan masana'antun Sharaɗa da Calawa da Bompai, na jima da na yadi, ya daɗe yana gangarawa koguna, a ƙasa kuma masu lambu suna ban ruwan latas da kabeji da shi. Ku matasan da kuka shiga sana'ar rini, ku sa safar hannu da takalmi, ku rufe hanci, ku haɗa kai ku haƙa ramin da ruwan zai kwanta ya tace kafin a sake shi. Ku da kuka karanta ilimin sinadarai a jami'a, ga aiki nan a ƙofar gidanku yana jiran mai yi.

Yanzu ku zo mu leƙa inda tufafin duniya suke ƙarewa. Wani rahoto da gidauniyar Ellen MacArthur ta fitar a 2017 ya nuna cewa tsakanin 2000 da 2015 yawan tufafin da ake ɗinkawa a duniya ya ninka biyu, alhali yawan sawar da ake yi wa kowace riga kafin a yar ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Abin da ake sake sarrafawa ya koma sabuwar tufa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A Turai da Amurka kamfanoni sun koya wa mutane sayen riga mai arha a sa sau kaɗan a jefar. Arhar kuma wani ne yake biyan ta: ranar 24 ga Afrilu 2013 benen Rana Plaza ya rufta a Bangladesh, ya kashe mutum 1,134, yawancinsu mata maɗinka da ke ɗinka wa manyan kantunan Turawa. Abin da masu sayen suka gaji da shi kuma sai a ɗaure a diloli a yo Afirka da shi. Shi ne gwanjo.

Ba zan zagi gwanjo ba. Ya rufa wa talaka asiri, ya fitar da yara daga sanyi, kuma dubban mutane suna cin abinci da shi, daga Ƙofar Wambai har Maraɗi da Yamai. Wanda ya sayi rigar gwanjo mai kyau ya sa ta shekara uku ya fi wanda ya sayi sabuwa ya yar bayan wata uku sauƙaƙa wa ƙasa. Amma ku ji abin da ke faruwa a Accra, birnin da 'yan'uwanmu Hausawa suke zaune a zangonninsa tun kaka da kakanni. Akwai kasuwa a can mai suna Kantamanto. Wata ƙungiya da ke aiki da 'yan kasuwar, Or Foundation, ta ƙiyasta cewa tufafi kimanin miliyan 15 suke shiga kasuwar duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 a matsayin shara suke fita. Ɗan kasuwa yakan ci bashi ya sayi dila a rufe, bai san abin da ke ciki ba sai ya yanke igiya. In ya yi sa'a ya sami na zaɓe a sama. Sauran kuwa yagaggu, masu tabo, masu ƙaton girman da ba mai sawa, da rigunan dusar ƙanƙara a garin da ba a san sanyi ba. Teloli da marina da masu guga na kasuwar suna iya ƙoƙarinsu, suna gyarawa suna sake fasali, sun ceci miliyoyin riguna daga bola. Amma abin ya fi ƙarfinsu. 'Yan mata daga arewacin Ghana, sa'o'inku, su suke ɗaukar dilar da ta kai kilo 55 a ka, suna ratsa lungunan kasuwa, wuyansu da gadon bayansu suna lalacewa tun suna ƙanana. Abin da bai sayu ba ya cika wuraren zubar da shara, ya gangara tafkin Korle, ya shiga teku, igiyar ruwa ta murɗe shi ta dawo da shi bakin gaɓa, masunta su jefa koma su jawo tsumma. A farkon Janairun 2025 gobara ta cinye mafi yawan kasuwar cikin dare ɗaya. Da Ruwanda ta ƙara wa gwanjo haraji a 2016 don ta tayar da masaƙunta, Amurka ta janye mata rangwamen shigar da tufafi a 2018. Wannan ya isa ya nuna muku cewa ba sadaka ake aiko mana ba, ciniki ne, kuma a cikinsa har da neman inda za a sauke shara.

Duk wannan na can nesa ne, za ku ce. To, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Halin da ya cika Kantamanto da tsumma, wato sa riga sau ɗaya a ƙi maimaitawa, ya shigo gidajenmu, kuma ta ƙofar biki ya shigo. Ku duba yadda aure ɗaya yake cin yadi yanzu. Ranar kamu da kayanta, sa lalle da nasa, wuni da nasa, dina da nata, walima da nata, kowanne kuma da ankonsa: na ƙawaye daban, na dangin uwa daban, na dangin uba daban, abokan ango su ma sun fitar da nasu. Yarinya ta ci bashi, ko ta takura wa mahaifinta, ko ta sayar da abin da bai kamata ba, don kada a ce ba ta yi anko ba. Wadda ta kasa kuma ta ƙi zuwa bikin aminiyarta saboda kunya. Bayan biki fa? An ɗauki hoto an ɗora a WhatsApp da Instagram, kowa ya gani, saboda haka wai ba za a sake sawa ba. Ɗinkin ma an yi shi ne matsattse, da duwatsu da raga, ba ya gyaruwa, ba ya bayuwa ga wata. Sai ya kwanta a ƙasan akwati har ya fita yayi. Kafin wata ya zagayo ga wani biki.

Iyayenku mata ma sun tara zannuwa, ban musa ba. Amma turmin atamfa mai kyau a wurinsu dukiya ne. Yana kwance a adaka shekara goma bai canza ba, in ta-ɓaci ta zo a fitar a sayar, in 'ya ta tashi aure a sa mata a kaya. Na yanzu mai arhar wanki ɗaya ya zuba, wanki uku ya koɗe, na biyar ya zama abin goge ɗaki. Araha ba ta ado, haka magabata suka ce. Wadda ta sayi atamfa mai sauƙi guda huɗu a shekara ta kashe abin da zai saya mata ɗaya ta kirki da za ta kai ta shekara biyar, kuma ta tara wa bola huɗu. Haka zancen lefe. Akwati shida, akwati goma sha biyu, ana baje wa 'yan kallo ana ƙirgawa. Saurayi ya shekara uku yana tari, aure ya yi ta jinkiri, a ƙarshe rabin kayan amarya ba za ta ɗinka ba har yayinsu ya wuce. Ku iyaye mata da gwaggwanni masu karɓar lefe, wannan a hannunku yake. In kuka daina ƙirge, samari za su daina tarin.

Ku ma samari ban ƙyale ku ba. Shadda mai kyau ba ta mutuwa da wuri. In farar ta dushe, ku kai ta marina a juya ta shuɗiya ko ruwan ƙasa, a kai mabuga a buge, ta dawo sabuwa. Babbar rigar da ta gaji a wuya takan ba da kaftani, kaftani ya ba da rigar yaro. Ba dole ne kowace Sallah sai an yanki sabo ba, in na bara yana nan lafiyarsa lau.

Addininmu bai hana ado ba. A cikin Suratul A'araf Allah ya ambaci tufa cikin ni'imomin da ya saukar wa 'yan Adam, don rufe tsiraici da kuma ƙawa, ya umarce mu da yin ado in za mu masallaci, a ayar nan kuma ya hana ɓarna. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ɗinke tufarsa ya gyara takalminsa da hannunsa. An ga Sayyadina Umar yana halifa da maho a rigarsa tsakanin kafaɗu. Sayyadina Abubakar kuwa da ajali ya matso, cewa ya yi a wanke tsohuwar tufar da ke jikinsa a haɗa cikin likkafaninsa, domin mai rai ya fi mamaci bukatar sabuwa. Waɗannan mutane ba rashi ne ya sa su haka ba, dukiyar daula tana bi ta hannunsu. Sun san cewa abin da ke hannun mutum za a tambaye shi yadda ya yi da shi.

Abin da nake roƙonku ba mai wuya ba ne. In za ku sayi yadi, ku tambayi mai shago auduga ce ko roba. In kuna shakka, ku zare zare ɗaya daga bakin yadin ku kusantar da shi ga ashana a waje: na auduga zai ci ya bar toka mai laushi da ƙaurin takarda, na roba zai nannaɗe ya dunƙule ya yi tauri. Ku ce wa tela ya bar ɗan sarari a cikin ɗinki, don in jiki ya ƙaru a buɗa. Ku karɓo ragowar ƙyallenku, yana yin hular yaro, yana yin rigar matashi. Telolin da suke tara ƙyallaye su haɗa bargo ko shimfiɗa, Allah ya yi wa sana'arsu albarka. Ku koyi riƙe allura, maza da mata, maɓalli ɗaya bai isa ya kashe riga ba. Mai launi a wanke shi da ruwan sanyi, a juya cikinsa waje, a shanya a inuwa, kada a bar shi ya wuni a rana. Abin da kuka san kun daina sawa, ku bayar tun yana da sauran kyau. Kada ku jira sai ya zama tsumma sannan ku miƙa wa almajiri ku ce kun yi sadaka. Tsumman da ya mutu sarai kuma kada a jefa a kwata, kada a ƙona a tsakar gida.

In kuna da hali, ku sayi na gida ko da sau ɗaya a shekara. Har yanzu akwai masu saƙar hannu a ƙauyukanmu, akwai masu rinin baba, akwai mata masu ɗaurin zane kafin a tsoma shi a rini, yawancinsu sun manyanta, kuma 'ya'yansu suna gudun sana'ar saboda ba ciniki. Baƙi daga Turai da Japan suna zuwa Ƙofar Mata su saya su tafi da shi suna alfahari, mu kuwa muna wucewa ta bakin ƙofar a adaidaita ba mu taɓa leƙawa ba. Kuɗin anko ɗaya da kuka ba marini ko masaƙi zai iya sa ɗansa ya zauna ya koya.

Na san wanda zai fara cewa ba anko a bikinsa zai sha magana. Za a ce rowa ce, za a ce babu ce ta sa. Ku haƙura da wannan, kwana biyu ne. Ƙawayen da kuka sauke wa nauyi za su gode muku ko ba su faɗa ba, wata kuma za ta yi koyi. Saboda haka wanda bikinsa ya fi kusa a cikinku, ko ango ko amarya, shi nake roƙo ya fara: in an zo zancen fitar da anko, ya ce wa abokansa kowa ya buɗe akwatinsa ya zo da mafi kyawun abin da yake da shi.